Wuƙa da Nama a Hannun Mutum Ɗaya

Tun da rikicin sarautar Kano ya sake tashi a watan Mayun 2024 ake jin wasu na cewa ai sarakunan dauri ma kama-karya suka yi, don haka duk abin da gwamna ya yi musu daidai ne. Masu wannan magana ba su bibiyi tarihi ba.

Tsarin da mai mulki ke riƙe da wuƙa da nama, babu majalisa ko kotun da za ta taka masa burki, a Turai aka fi saninsa. Sarki Louis na 14 na Faransa, wanda ya mutu a 1715, shi ne misalin da aka fi kawowa. Thomas Hobbes kuma ya kāre tsarin a littafinsa na 1651, a ganinsa gara shi da yaƙin basasa.

Zazzau ta ƙarni na 19 ba haka take ba. Sarki yana ƙarƙashin Shari'a, Wazirin Sakkwato na sa masa ido, gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa kuma kowanne na jiran ya yi tuntuɓe. Cikin sarakunan Zazzau, Sakkwato ta tuɓe Sidi Abdulƙadir, ta tuɓe Abdullahi har sau biyu, ta tuɓe Sambo. Turawa ne suka kwance wannan dabaibayi, suka mai da sarki shi kaɗai ne En'e: haraji, jangali, 'yan doka, kotu da gidan yari duk a tafin hannunsa, muddin Razdan bai ɓata rai ba. Makiyayin da aka ƙirga wa shanu fiye da ƙima a ƙasar Ikara ba shi da wurin kai kuka sai gaban wanda ya aiko mai ƙirgar. Wannan ne Abubakar Tafawa Balewa ya ƙalubalanta a majalisar Arewa a 1950, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e.

To, yau ikon ya koma gidan gwamnati. Gwamna ke naɗa sarki ya tuɓe shi, jam'iyyarsa ke lashe zaɓen ƙananan hukumomi kusan kakaf, 'yan majalisa kuwa sai “ran maigirma ya daɗe”. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Manomin rake a Maƙarfi, da mai tumatir ɗin da kwandunansa ke ruɓewa a bakin hanya a Kudan, suna da haƙƙin sanin nawa ya shigo. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su liƙa lissafin kowane wata a ƙofar sakatariya, mutanen mazaɓar Janfalan kuma su tsare kansilansu da tambaya har sai ya kawo musu kwafi.