Idan Inji Ya Mutu a Tsakiyar Kogi

Mu mutanen Damana ba mutanen kogi ba ne. Dallol Bosso da muke zaune a cikinsa tsohon kwari ne da ruwansa ya koma ƙarƙashin rairayi tun kafin kakannin kakanninmu. Amma tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, ɗan cin ranin da ya tashi daga Tondikandiya ko Kurfai ya nufi Kwatano, jirgi mai inji ne ke ƙetarar da shi. Shi ya sa idan rediyo ta ce jirgi ya kife, a nan ma gaban iyaye mata yake faɗuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rufe zancen da cewa inji ne ya mutu, ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Sai dai inji ba ya mutuwa haka kawai, kuma mutuwarsa ita kaɗai ba ta isa ta nutsar da jirgi ba.

Injin da ake maƙalawa a bayan waɗannan jirage, galibi Yamaha, abu uku yake nema: mai, iska da wuta. Duk mai injin ban ruwa a lambun Dallol ya san wannan karatun. Idan injin jirgi ya ƙi tashi, a duba ko an bar shi cikin giya, a matsa ƴar robar da ke tura mai har ta yi tauri, sannan a kwance buji, wanda ƴan Najeriya ke kira fulogi. In ya fito jiƙe kuma baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya fito a bushe, man ne bai iso ba.

Wanda ya fi haɗari shi ne injin da ya tashi lafiya, sai an yi nisa ya fara shaƙewa. Na taɓa gani da idona a mashigin Gaya. Muna tsakiyar ruwa inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Matuƙin ya yi ta fizgar igiya, gumi na zuba, mata sun fara salati. Wani dattijo da ke zaune kan buhun albasa ya ce, "Yaro, ka kwance wa tankin numfashi kuwa?" Ya ce, "Af, Baba, na manta." Ɗan ƙaramin noti ne a kan murfin tanki, in yana ɗaure iska ba ta shiga, mai ba ya sauka. Ya murɗa shi, ja biyu inji ya kama. Sauran dalilan ma ba na aljanu ba ne. Man ruwa-ruwa da ake saye a kwalba da jarka yakan zo da datti da ruwa, ruwan ya kwanta a gindin tanki, igiyar ruwa na girgiza jirgi sai ya shige karbireta. Baƙin mai da ake gaurayawa da fetur, a yawancin irin waɗannan injuna rabin lita ne ga lita 25, amma da ido ake aunawa. Leda ko kainuwa kan toshe kafar da ke jan ruwan sanyaya inji, kuma da zarar siririn ruwan nan da yake tsartarwa ta baya ya tsaya, to ya fara ɗaukar zafi.

Amma ga inda nake so a tsaya a yi tunani. Kogin Kwara ya shekara ɗaruruwa yana ɗaukar kaya babu inji ko ɗaya. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, su ne suka tuƙa jiragen daular Songhai. Da jiragen ruwa Sonni Ali ya yi wa birnin Jenne ƙawanya a ƙarni na 15, kuma daular na da sarauta sukutum ta mai kula da rundunar ruwa. A ƙasar Kabi da Yawuri akwai Sarkin Ruwa, wanda ya san zurfi, ya san inda dutse ya ɓoye, ya san ranar da ba a shiga. Har gobe a Argungu ba a faɗawa kogin Matan Fada sai ya ba da izini. Mun mayar da wannan sarauta kayan biki, a tashoshin jirage kuwa mai karɓar kuɗi ne ke da ta cewa.

Zuwan inji ya sa jirage sun ƙara tsawo, lodi ya ninka, aka jefar da filafili da doguwar sandar tuƙi don wurinsu ya ɗauki ƙarin fasinja. To, jirgin da injinsa ya mutu kuma babu abin tuƙa shi, ruwa ne ke juya shi ya ba da haƙarƙari ga igiya. Mutane su firgita su miƙe su karkata gefe ɗaya, bakin jirgin da dama saura ɗan yatsa ya taɓa ruwa ya sha. A nan ake mutuwa. Wanda ya tuna jirgin da ya halaka da mutane masu yawa kusa da Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021 ya san abin da lodi ke yi.

Hukumomin Gaya da Dosso da Tilaberi, me ya hana ku zauna da sarakunan ruwa, ku ba su ikon hana jirgi tashi in babu filafili, babu buji na ko-ta-kwana, babu rigunan ruwa? Wannan ba ya buƙatar kuɗin wata ƙasa. Kai kuma ɗan'uwana da za ka sauka kudu bayan girbi, kafin ka sa ƙafa ka leƙa cikin jirgin. In ba ka ga abin tuƙi ba, ko ka ga bakinsa ya kusa shan ruwa, ɗauki jakarka ka jira na gaba.