Tsohuwar Kwamfuta a Shamaki: Windows ko Linux?

A shagon ɗan yayata da ke Shamaki, inda ake buga takardu da katin biki, akwai wata Dell ta kan tebur da aka sayo ta hannu. Ƙwaƙwalwarta Core 2 Duo ce, samfurin da Intel ya fitar a 2006, ram ɗinta kuma gig 2. Idan ya kunna ta da safe, sai ya share shago ya yayyafa ruwa kafin ta gama farkawa. Na ce mu sa mata Linux. Ya ce, "Kawu, kar ka kashe min kasuwa."

Tsoronsa yana da tushe. Abincin masu irin wannan sana'a a Gombe yana cikin CorelDRAW, da ita ake zana kalanda da fosta da katin ɗaurin aure, kuma ba a yi ta domin Linux ba. Akwai Inkscape a madadinta, kyauta, amma hannun da ya shekara goma a kan Corel ba ya sauyawa a mako guda, ga mai biki tsaye yana jiran katinsa. Haka LibreOffice: tana buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci jadawali ya goce ko shafi ya ƙaru. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ya zo buga furojet ba zai yafe wannan ba. Sannan duk mai gyaran da ka tsayar ya san Windows. Linux kuwa sai an tona kafin a sami gwaninta.

To amma wace Windows ake nufi? Ba sabuwa ba. Windows 11 tana neman ram gig 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, ba ta ma kallon inji irin wannan. Windows 10 kuma Microsoft ya janye mata tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025. Abin da ya rage wa talaka shi ne tsohon kwafi marar lasisi, gida ne da ba mai toshe ɓarakarsa. Kowa a nan ya san bairos ɗin da ke bin filashi yana ɓoye takardun mutum. A yi wa inji fomatin yau, bayan wata biyu a koma a sake biya. Wannan asarar ce ke ci min rai, domin mun saba da ita har mun daina lissafa ta.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kyauta ce ta halal, ba a ɓoye ake kwafarta ba. Linux Mint mai fuskar Xfce tana tashi a ram gig 2, kuma bairos ɗin filashin nan ba ya aiki a kanta, tunda don Windows aka rubuta shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ɗora ta a filashi, a kunna inji da ita a gwada komai ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba. Wahalarta ta farko data ce, saukewar ta kusa gig 3, amma filashi guda ya ishi unguwa.

Hukuncina ya danganta da aikin injin. Wanda ake zane da shi a bar masa Windows, a raba shi da intanet. Wanda kuwa aikinsa rubutu ne, da cike fom, da koya wa yara madannai kafin jarrabawar JAMB, zalunci ne a bar shi yana nishi ko a sayar wa 'yan gwangwan, alhali Linux za ta ƙara masa shekaru.

Ni da ɗan yayata mun gwada Mint a filashi ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Firintarsa ta HP ta amsa nan take. Da ya sayi wani injin domin zane, Dell ɗin ta koma kusurwar shago da Mint a cikinta, ƙannensa mata biyu na koyon bugu a kanta bayan Islamiyya.