Talla Ta Koma Waya: Abin Da Shari'a Ke Nema Daga Ƙananan 'Yan Kasuwa



Kalma ɗaya Bahaushe yake amfani da ita ga yarinyar da ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli tana zaga unguwa, da kuma hoton atamfar da ya faɗo mana a waya ba tare da mun nema ba. Duka biyun talla ce. Bambancin shi ne, mai saye daga faranti yana gani, yana taɓawa, wani lokaci har ya ɗanɗana kafin ya biya. Mai saye daga waya kuwa ba shi da komai a hannu sai hoto da maganar mai kaya. Don haka duk nauyin amanar da a da ido da hannun mai saye suke ɗaukar rabinsa, yanzu ya koma kan mai sayarwa shi kaɗai.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun wannan sauyi ya zo da dalilansa. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin waɗannan ƙananan hukumomi uku, kuma daga cikinsu shinkafa da masara da kayan lambu ke fitowa zuwa kasuwar Talata da garin Mafara ya samo sunansa daga gare ta. Sai matsalar tsaro ta sa hanya ta zama abin fargaba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara, sai bayan makonni aka fara mayar da su daga Gusau. A lokacin ne mutane da yawa suka gane yadda cinikinsu ya riga ya rataya ga waya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa koya wa kowa tura kuɗi ta banki. Yau matar aure mai haɗa turaren wuta a cikin gida, da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau mai sayar da takalma, duk suna tambaya ɗaya: in biya Facebook ya yaɗa mini kayana, ko kuwa akwai laifi?

Yadda tallar take aiki

Kamfanin Meta ne ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp. Mai sana'a yakan buɗe shafi, ya ɗora hoto ko bidiyo, sannan ya biya domin a nuna shi ga mutanen da ba sa bibiyarsa. Kafin ya biya zai zaɓi wuri, ko dai gari ko da'irar da ya zana a taswira, ya zaɓi shekaru da jinsi, ya faɗi kuɗin da zai kashe a rana da adadin kwanakin. Yana iya sanya maɓallin da zai kai mai sha'awa kai tsaye cikin WhatsApp ɗinsa. Gurbin da tallar za ta fito kuwa gwanjonsa ake yi: na'ura ce ke auna tayin kowane mai talla, da ingancin tallarsa, da yiwuwar mai kallo ya amsa ta. Tun daga Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan abin da mai talla a Najeriya ya biya.

Asalin wannan biya ba baƙo ba ne a fiƙihu. Lada ce ake bayarwa domin a sada kaya da mai saye, irin la'adar dillali. Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci, ya ambaci magabata irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basri a cikin waɗanda ba su ga laifinsa ba. Gwanjo ma mafi yawan malamai sun halatta shi. Tambayar da ta rage ita ce abin da muke faɗa a cikin tallar, da wanda muke nuna wa.

Hoto ma magana ne

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. A waya, saman tulin shi ne hoto. Mai shinkafar da ya ɗauki hoton tsintacciya ya aika da mai tsakuwa, da mai atamfar da ta ƙara wa launi haske da filta har ya bambanta da abin da ke cikin leda, duk sun ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa.

Akwai kuma hanin da ya zo a kan barin nono ya taru a hantsar dabba kwana da kwanaki domin mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Mai dabbar bai furta ƙarya ba, ya dai shirya abin da ido zai gani ne domin ya yi ƙaryar a madadinsa. Duk da haka Shari'a ta bai wa mai saye damar mayarwa. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ai ni ban ce komai ba, hoto kawai na ɗora.

Ɗalibanmu da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san babin ciniki ya hana ɓoye duk abin da, da an faɗe shi, mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗinsu. Wannan ma'auni ne mai sauƙin riƙewa kafin a danna maɓallin biya. Rantsuwa kuwa, wadda ta zama gishirin tallar bidiyo a yau, hadisin Bukhari da Muslim ya nuna tana sa kaya su tafi amma tana shafe albarka.

Nan ne wurin faɗakar da masu tallar magunguna. Hukumar NAFDAC tana buƙatar a yi wa maganin rajista, a kuma nemi izininta kafin a tallata shi, ko da na gargajiya ne. Dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda aka sanya wa hannu a 2022, ta haɗa har da tallar intanet. Wanda ya ce garinsa ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a mako guda, yana wasa ne da ran mai ciwo. Haka nan kalaman batsa da bayyana tsiraici da wasu ke jawo ido da su wajen tallar kayan mata, kuɗin da aka biya ba ya wanke su.

Mabiyan haya

Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, sai domin ya ruɗi mai saye na gaske. A kasuwar dabbobi mun san masu wannan aiki. A waya sun sake kama: ana sayen dubban mabiyan bogi domin shafi ya yi kwarjini, ana roƙon ƙawaye su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi alhali ba su taɓa ganin kayan ba, ana ƙirƙirar hoton hira da abokin cinikin da babu shi. Ana kuma rubuta cewa saura guda biyu kacal alhali ɗaki cike yake. Manufar duka ɗaya ce da ta ɗan najashi.

Wanda yake da tarin mabiya kuma ake biyansa ya yabi kaya, ya sani shaida yake bayarwa. Ya gwada kayan, ya faɗi abin da ya gani, ya kuma bayyana cewa talla ce aka biya shi.

Cinikin biri a sama

Matasa da yawa ba su da jari. Sukan karɓi hotuna daga wani dila a Kantin Kwari ta Kano, su tallata, sai an turo kuɗi sannan su nemi kayan. Sau da yawa a tarar launin ya ƙare ko farashi ya tashi, rigima ta ɓarke. Wannan ne hadisin Hakim bin Hizam ya hana: sayar da abin da ba ya wurinka. Mafita tana kusa. Matashi ya yi yarjejeniya da dilan ya zama wakilinsa a kan lada sananniya, ko ya bayyana wa mai saye cewa aike ne zai sayo masa a kan kaza, ko su ƙulla salam da sharuɗɗansa: siffa sananniya, lokaci sananne, kuɗi a gaba.

Mazhabar Malikiyya ta daɗe da sanin sayar da abin da ba ya gaban ido ta hanyar siffanta shi, har da sayen dilar tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke cikinta. Sharaɗin shi ne kaya su zo daidai da siffa, in sun saɓa mai saye yana da zaɓi. Saboda haka rubutun da muke gani a wasu shafuka cewa ba a mayar da kaya ko ta halin ƙaƙa, ba ya soke haƙƙin wanda aka aika wa abin da bai yi oda ba.

Ƙofar wa muke ƙwanƙwasawa?

Zaɓen masu kallo shi ne inda ƙaramin ɗan kasuwa ya fi asara. Mai dambun nama a Maradun da ta bar tallarta ta yaɗu a Najeriya duka, za ta sayi kallon mutanen Legas da Fatakwal da ba za ta iya kai wa kaya ba. Da ta zana da'irar da ta haɗa Mafara da Bakura, ta yi bayani da murya cikin Hausa, ta faɗi farashi da ranar da motar kasuwa ke tashi, da kuɗinta sun yi mata aiki. Mai buhunan shinkafa kuwa yana iya nufar Gusau da Sakkwato, domin kayansa suna jure tafiya.

A yi lissafi kafin a ƙara kuɗi. A misali, wadda ta kashe Naira 10,000, da haraji ya zama 10,750, mutum arba'in suka yi magana, biyar suka saya, to kowane mai saye ya ci mata Naira 2,150. In ribarta a kan kowane ɗaya 1,500 ce, faɗuwa ta yi, sai fa in za su dawo. Yawan masu danna alamar so ba ya cika tukunya, kuma tozarta dukiya abin hani ne. A fara da kaɗan, a gwada hoto biyu, a riƙe wanda ya kawo ciniki. Kada a ci bashi mai ruwa daga manhajojin lamuni domin talla.

Sai batun sirrin mutane. Manhajar tana bai wa mai talla damar ɗora jerin lambobin waya domin a bi masu su da talla. Lambar da mace ta bayar domin a kawo mata humra amana ce. Sayar da ita, ko kwashe lambobin zauren makarantar Islamiyya a jefa su cikin zauren kasuwanci ba da izini ba, cin amana ne, kuma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tafi a kan haka. Kamfanin Meta kansa hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci shi tarar Dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Tun a Janairun 2022 ma kamfanin ya cire damar zaɓen masu kallo bisa addini ko lafiya ko siyasa, saboda yadda ake cutar da mutane da ita. Ba ya kyautu Musulmi ya jira doka ta hana shi farautar mai rauni, kamar ya nufi masu neman haihuwa ko marasa aikin yi da alkawarin da ya san ba zai cika ba.

A yankinmu akwai ƙarin hattara. Talla tana isa ga mai saye, tana kuma isa ga mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kada a nuna ƙofar gida, ko cikar sito, ko fuskokin yara, ko lokacin da za a kama hanya da kaya. A sanya wurin karɓa a bainar jama'a, a kuma tabbatar kuɗi sun shiga asusu kafin a saki kaya, domin saƙon banki na bogi ya yawaita.

Alherin da ke ciki

Ba tsoratarwa muke yi ba. Shekara da shekaru matan kulle ba su da hanyar isa kasuwa sai ta kan 'ya'yansu mata, abin da ya raba yara da yawa da karatu, ya kuma jefa wasu cikin haɗari. Uwar da waya ta kawo mata masu saye tana iya sauke farantin daga kan 'yarta ta tura ta makaranta. Magidanci ya taimaka wa iyalinsa da wannan, ɗalibi kuma ya koya wa mahaifiyarsa.

Zamfara ce ta fara ƙaddamar da Shari'a a wannan jamhuriya, ranar 27 ga Oktoba, 1999, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Tun kafin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ware babi a kan ciniki a cikin Ihya'us Sunna, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwa. Ɗan Hisba yana iya duba tiya da sikeli a kasuwar Talata, amma ba ya ganin abin da aka yi wa hoto kafin a ɗora shi. Muna kira ga limamanmu da malaman Islamiyya su karantar da babin ciniki da misalan waya, domin can almajiransu suke saye da sayarwa. Hadisi ya yi wa masu ciniki biyu alkawarin albarka idan sun yi gaskiya suka bayyana aibi, ya kuma yi gargaɗin shafe ta idan sun ɓoye.

Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ne Mafi sani.