Ɗaga Ƙarfe Don Gina Jiki: Yadda Tsoka Ke Ƙaruwa da Abin da Take Bukata

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya ratsa unguwa a manyan biranenmu, da sassafe ko bayan la'asar, bai iske samari sun kewaye wani dogon ƙarfe mai curin siminti a kowane gefe suna ɗagawa ba. Galibinsu ba gasa suke nufin shiga ba, burinsu dai ƙirji ya buɗe, damtse ya cika. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan watsar da abin bayan 'yan watanni, wani saboda ciwon baya, wani saboda ya ga jikin ya ƙi ƙaruwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin haka, watau cewa tsoka tana da nata ma'auni na girma, wanda bai yarda da gaggawa ba.

Ƙa'idar ƙari kaɗan-kaɗan

Girkawan dauri suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, mutumin Kuroton a kudancin Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi na girma shi kuma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labarin dai ya fi kama da almara, amma ƙa'idar da ke cikinsa gaskiya ce, kuma wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya tabbatar da ita a asibiti. A shekarar 1945 ya buga sakamakon aikinsa kan sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya nuna cewa gaɓar da ta raunana tana saurin farfaɗowa idan aka sa ta ɗaga nauyi mai ɗan tsanani, ana ƙara shi a hankali. A 1948 shi da Arthur Watkins suka daidaita tsarin ya zama zango uku, kowane zango ɗagawa 10: na farko da rabin nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakken nauyin. Wannan shi ne tushen "uku sau goma" da ake ji a bakin masu ɗaga ƙarfe har yau.

Abin da ke faruwa a cikin jiki kuwa shi ne, idan aka ɗora wa tsoka aikin da ya ɗan zarce wanda ta saba, sai jiki ya ƙara yawan furotin, watau sinadarin gina jiki, da yake saƙawa a cikin zaruruwanta. Wannan saƙa takan ci gaba har kwana ɗaya zuwa biyu bayan an ajiye ƙarfe. Ke nan a lokacin hutu ake ginin. Ɗagawar umurni ce kawai aka bai wa jiki. Don haka ne wanda ke matsa wa damtse ɗaya kullum ba fashi yakan ga ya tsaya cik. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta nemi baligi ya yi aikin ƙarfafa dukkan manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako, kuma ga mai yi don sha'awa kwana uku ma sun wadatar.

A nan ya kamata a ɗan tsaya kan kalmar "jijiya", domin Bahaushe ya haɗa abubuwa uku a cikinta: hanyar jini, da igiyar saƙo daga ƙwaƙwalwa, da kuma agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Bambanta su yana da amfani ga mai ɗaga ƙarfe. Ƙarfin da sabon shiga ke samu a makonnin farko, yawancinsa daga jijiyar saƙo yake, watau ƙwaƙwalwa ce ta koyi sarrafa tsokar da ke akwai tun asali. Ita kuwa agara, saboda ƙarancin jinin da ke ratsa ta, ta fi tsoka jinkirin ƙarfafa. To, saurayi ya ga nauyin da ya gagare shi a watan jiya yau ya zama wasa, sai ya ninka shi, alhali agararsa ba ta kai can ba. Daga nan ciwon gwiwar hannu da na kafaɗa ke samo asali. Ƙarin kilo 1 zuwa 2, ko ƙarin ɗagawa ɗaya ko biyu a kan na makon jiya, shi ne daidai.

Yadda ake ɗagawa

Mafi yawan raunin baya wajen ɗauko ƙarfe daga ƙasa ake samunsa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san cewa in ya miƙa hannu nesa da jiki nauyin sai ya zama kamar an ninka shi. Haka abin yake ga ƙashin baya. Saboda haka sai a matso har ƙarfen ya kusa taɓa ƙwauri, a tura ƙugu baya, a lanƙwasa gwiwa, a miƙe gadon baya, sa'an nan a taso da ƙarfin cinya da ɗuwawu ba tare da fizga ba. Wajen tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, diddige ya zauna daram a ƙasa, gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka fuskanta. Wanda kuma zai tura ƙarfe daga ƙirji yana kwance a benci, lalle ne wani ya tsaya a kansa, domin in hannu ya gaza a wuya ƙarfen zai sauka.

Ƙarfen siminti yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Sandar da ake gasa da ita nauyinta sananne ne, kilo 20 ta maza, 15 ta mata, kuma faya-fayanta a auna suke. Na siminti kuwa sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ga shi ba a iya ƙara masa kaɗan. Ya kyautu a kai shi kan sikeli a san abin da ake ɗagawa.

Batun numfashi ma abin kula ne. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana tokare baya, amma yana cilla bugun jini sama ƙwarai. Wani bincike da MacDougall da abokan aikinsa suka yi a Kanada, aka buga a 1985, ya auna matsakaicin 320 bisa 250 a jikin masu tura nauyi da ƙafa biyu. Yana sauka nan da nan in an gama, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙaba sai ya ga likita kafin ya fara, kuma ya riƙa fitar da numfashi yayin da yake turawa.

Abinci

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mutumin da ba ya aikin ƙarfi yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Wani nazari da Morton da abokansa suka buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna cewa amfanin ƙarin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yakan tsaya a wajen giram 1.6. Alal misali, saurayi mai kilo 70 zai nemi giram 112. In da ƙwai kaɗai zai nema, sai ya ci kusan 19, tun da ƙwai ɗaya giram 6 ne, kuma wannan lissafi ne ke sa ɗalibi ya yanke ƙauna ko ya karkata ga garin gwangwani mai tsada da ake shigowa da shi.

A ganina babu dalilin haka. Busasshen wake giram 150 yana ba da kusan giram 35. Rabin litar nono, kimanin 16. Nama ko kifi giram 100 dafaffe, wajen 25. Ƙwai biyu, 12. Gero ko dawar da ake ci a tuwo da fura da kunu, in ta kai giram 300, kusan 30. Jimla ta haura abin da ake nema, ba a ma sa gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara ba. Har ila yau, furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake hatsi ke cike masa nasa giɓin. Watau shinkafa da wake, da koko da ƙosai, da ɗanwake, haɗi ne da kimiyya ta zo ta tarar iyayenmu mata sun riga sun yi. Abin da ya rage shi ne a rarraba cin sau uku ko huɗu, a ci a ƙoshi, a sha ruwa sosai musamman da bazara, a kuma samu barcin awa 7 zuwa 9.

Tsamin jiki da magunguna

Tsamin jiki da ke biyo bayan sabon aiki yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72, sa'an nan ya wuce da kansa. Ya sha bamban da zafi mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa tare da mutuwar jiki; wannan na asibiti ne. Masu shan taramadol don su jure aiki suna toshe kunne ne daga wannan gargaɗi, ban da jarabar da ƙwayar ke sa wa mai shanta.

Sai kuma magungunan ƙara tsoka, waɗanda aka kwaikwayo daga sinadarin mazakuta. An fara gwada 'yan wasa a kansu a gasar Olamfik a shekarar 1976 a Montreal, kuma saboda su aka ƙwace lambar zinariyar Ben Johnson na Kanada a Seoul a 1988. Ba a musun cewa suna ƙara tsoka. Amma da zarar jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje sai ya rage yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani ma nono ya fito masa, ga lahani ga hanta da zuciya. Wanda ya fi ban takaici shi ne mai sayen ƙwayoyin "sha ka fashe" a kemis, irin su dezametason, yana zaton duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Wannan magani na wani rukuni ne dabam: yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ɗaga sukarin jini, yana raunana ƙashi, kuma in aka daɗe ana sha tsokar cinya da ta damtse yake zaizayewa. Wanda ya riga ya daɗe a kansa kuma bai kamata ya yanke shi dare ɗaya ba, domin jikinsa ya rage yin irin wannan sinadari da kansa. Likita ne zai rage masa shi mataki-mataki.