Waya na hango ambaliya, amma ba ta ganin kwatar layinku

Yau da wayarka kaɗai kana iya buɗe Flood Hub na Google ka ga inda kogi ke shirin tumbatsa. Sai dai a cikin birnin Kano, sau da yawa ruwan da ke shiga ɗakuna ba daga kogi yake zuwa ba. Magudana ce ledar fiya-wata ta toshe.

Tun 1981 Najeriya ke da Asusun Kula da Muhalli, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na karɓar kasonsu. To amma ka tambayi mai unguwa nawa aka ware don yashe kwatarsu, ka ji shiru. Dandalin Tracka na BudgIT yana bibiyar ayyukan da aka sa a kasafi, don haka kafin damina ta faɗi, ku ɗauki hoton kwalbatin layinku ku tura masu.