Tsoron Baƙo da Tsoron Maƙwabci

A ɗakunan wasan bidiyo na Zinder ƙwallon ƙafa ce sarauniya, amma wanda ya yi zamani da PlayStation 2 da wuya a ce bai ji sunan Resident Evil 4 ba. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a 2005, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. Akwai wani wasan ban tsoro, shi ma ɗan Japan, wanda bai yi wannan suna ba: Deadly Premonition, na Hidetaka Suehiro, da ya fito a 2010. Su biyun nake son ɗorawa a sikeli.

A Resident Evil 4 an tura Leon Kennedy wani ƙauye a Sifaniya ya ceto Ashley, ƴar shugaban Amurka. Wata halitta ta shiga jikin ƙauyawan ta juya musu hankali, suna far maka da gatari da lauje, ga wani mai buhu a ka yana ɗauke da zarto mai inji. Gwanintar wasan a hannu take. Kana kallo ta bayan kafaɗar Leon, in za ka yi harbi dole ka tsaya cak, harsashi kuma ƙidayayye ne. Ba a ɓata maka ko minti ɗaya. Shi ya sa ya dace da ɗakin da ake biyan kuɗin lokaci, wuta kuma na iya ɗaukewa ba sallama. Aibinsa guda ne, kuma babba: ƙauyawan nan ba ka san kowa cikinsu ba. Ka kashe ɗari, ba wanda za ka yi wa juyayi. Kafin a kai ƙarshe, da ka tara manyan bindigogi, tsoron ya gudu, saura farauta.

Deadly Premonition kuwa, in ana maganar ƙira, gurgu ne. Hotonsa ya tsufa tun ranar da ya fito, motar da kake tuƙawa ba ta jin sitiyari, taswirar garin tana rikita mutum, faɗa da fatalwa kuma maimaici ne mai gundura. Wani lokaci ana tsakiyar zancen kisa sai kiɗan fito mai daɗi ya tashi. Masu sharhi sun rabu a kansa har ya shiga kundin Guinness: IGN ta ba shi 2 cikin 10, Destructoid ta ba shi 10 cif.

To me masu ba shi goma suka gani? Gari suka gani. Francis York Morgan, jami'in FBI, ya zo Greenvale binciken kisan wata budurwa, Anna Graham. Mutum ne mai abin mamaki: yana hira da wani Zach da ba wanda ke gani, yana duba sa'ar yininsa a kofin kofi, al'adar da ba tamu ba ce kuma ba abin koyi ba. Amma mutanen garin kowa da sana'arsa da lokacin fitarsa. Shaguna na buɗewa su rufe, man mota na ƙarewa, York na jin yunwa da barci, in bai canza kaya ba ƙudaje su bi shi. In ruwa ya sauko kowa ya kulle ƙofa, saboda tsohon labarin wani makashi mai rigar ruwa. Sannu a hankali sai ka fahimci cewa mugun yana cikin waɗanda kuke gaisawa kullum.

Wannan tsoron Badamagare ya san shi. Birni unguwa ce a Zinder, ta lunguna da zauruka a gindin manyan duwatsu, kusa da fadar Sarki, cikin ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. A irin wannan wuri, labarin dare da ya fi hana yaro barci ba na Dodon daji ba ne. Na mutumin da ake cewa yana rikiɗa kura ne, wanda da rana yake amsa sallama. Ba ina gaskata zargin maita ba, domin ya zalunci bayin Allah da yawa. Ina nufin masu tatsuniya sun daɗe da gane cewa tsoro ya fi kama zuciya idan yana da fuskar da ka sani, Suehiro ma ya gane haka.

Wasannin biyu dukansu ba na yara ba ne, akwai jini da kisa, don haka masu ɗakunan wasa ku kula da wanda kuke miƙa wa. Ga baligi mai awa ɗaya, Resident Evil 4 ya fi. Mai haƙuri da ɗan Turancin bin hira, ya jure wa gurguncin Deadly Premonition, domin a wurina shi ne ya rinjayi sikelin.