Hatsarin Sa Bulon Ƙarfe a Sifirin Gaban Mota

Hakimi ba ya rabuwa da rangadi, hanyoyin ƙauyuka kuwa ba su rabuwa da rami da yashi da kwazazzabo, balle da damina. Saboda haka masu motocin shiga daji sukan so a ɗaga musu mota ta ƙara tsayi. Hanyar da ta fi araha ita ce a sa dungun ƙarfe, wanda ake kira bulo, tsakanin sifirin da aksul. An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san abin da wannan gyara yake jawowa idan aka yi shi a ƙafafun gaba.

Yadda Ƙafar Mota Take Zaune

Sifirin falle-fallen ƙarfe ne da aka jera bisa juna, aka ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya, watau santabol. Bakinsa biyu suna manne da ƙashin mota, tsakiyarsa kuwa tana ɗaure da aksul, sandar nan da ke riƙe da tayoyi biyu. Abin da ke haɗa su shi ne wasu kusoshi biyu lanƙwasassu da noti huɗu. Kan santabol yana shiga wani ɗan rami a mazauninsa, don kada aksul ya zame gaba ko baya.

Bulo yana ɗaga mota ne kawai idan sifirin yana bisa aksul, kamar yadda yake a gaban Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu da ta fito a 1979, da manyan motocin a-kori-kura na Amurka na zamanin. Tsohuwar Land Rover wadda aka fara ƙerawa a 1948, sifirinta a ƙarƙashin aksul yake, saboda haka bulo sai dai ya rage mata tsayi. Motocin da gabansu ke da sifirin mai murɗe, ko waɗanda kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai, ƙirarsu dabam ce, wannan bayani bai shafe su kai tsaye ba.

Abin Da Ya Sa Gaba Ya Bambanta Da Baya

Mai tambaya zai ce, ai akwai motocin da suke fitowa daga masana'anta da bulo a baya. Gaskiya ne. Amma fa ƙafafun baya ba su juya mota. Ƙafafun gaba su ne ke bin sitiyari, kuma su ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin birki, gama duk lokacin da direba ya taka birki nauyin mota gaba yake tafiya.

Kowane bakanike ya san cewa idan noti ya ƙi kwancewa sai a zura bututu a sufana, a ƙara mata tsawo, nan da nan notin ya saki. To, haka bulo yake yi wa sifirin. Idan tazarar da ke tsakanin tsakiyar aksul da sifirin inci 2 ce, aka sa bulo mai inci 4, ta zama inci 6. Duk turin da hanya ta yi wa aksul zai murɗa mahaɗin nan da ƙarfi ninki uku, alhali kusoshin da ke riƙe da shi an ƙara musu tsawo ne kawai, ba a ƙara musu kauri ba.

Murɗar nan daga fuska biyu take zuwa. In an taka birki, aksul yana neman birkicewa, yana lanƙwasa sifirin. In an sha kwana, tayoyi suna tura aksul gefe, bulo yana neman kifewa. A hanya mai gargada abin yana maimaituwa dubun dubbai a wuni guda. Sannu a hankali kusoshi su miƙe, noti su saki, bulo ya fara wasa a mazauninsa. Daga nan sai kan santabol ya gutsure, ko kuwa bulon ya tsage, musamman idan na zubin alminiyam ne.

Idan bulon baya ya fita, mota takan karkace, amma sitiyari yana nan a hannun direba, sau da yawa yakan samu ya tsaya. Idan na gaba ya fita, aksul yakan zame a gefe guda, tayoyi su juya inda suka ga dama, sandar sitiyari ta lanƙwashe, wani lokaci har tiyon birki ya tsinke. Direba ya rasa sitiyari da birki a lokaci guda. Abin da ya ƙara munana al'amarin shi ne, bulo ya fi fita a lokacin birki mai tsanani ko kwana mai kaifi, watau daidai lokacin da aka fi bukatar su. Wannan ne dalilin da ya sa dokokin wasu jihohin Amurka, ƙasar da ɗaga motoci ya yawaita, suka hana sa bulo a gaba, ko da yake sun yarda da shi a baya.

Sauran Illoli

Ko bulon bai fita ba, akwai ɓarna. Sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya takan karkace daga yadda aka tsara ta, sai mota ta riƙa fizgar kanta hagu ko dama idan ta faɗa rami. Tiyon birki da shokazoba sukan gaza tsawo. Sa'an nan nauyin mota ya koma sama. Jakin da aka tula wa kaya bisa ya fi saurin faɗuwa a gangare, haka ita ma mota, tun ba in an ɗora buhuna da mutane a kanta ba.

Abin mamaki kuma, bulo ba ya ba da abin da aka nema. Jikin mota yake ɗagawa, aksul yana nan inda yake, kuma tulun da ke jikin aksul shi ne ke fara dukan dutse ko kunyar hanya. Babu abin da ke ɗaga aksul sai babbar taya. Tayar da ta fi ta da tsayi da inci 2 tana ƙara inci 1 ne kawai tsakanin aksul da ƙasa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Kada Hakimi ya yarda a sa bulo a ƙafafun gaban motarsa ko motar ofishinsa, komai ƙanƙantarsa.

2. Idan mota ta zauna, galibi sifirin ne ya gaji. A sake shi da sabo, ko a ƙara masa falle, motar za ta koma tsayinta na asali.

3. Idan lalle ana bukatar ƙarin tsayi, a sayi sifirin da aka ƙera da baka mai zurfi domin irin wannan mota, a sake shokazoba da tiyon birki da dogaye, a kuma daidaita sitiyari.

4. A baya ma kada a jera bulo biyu bisa juna, kada kuma a yi amfani da guntun katako ko yankakken bututu.

5. Kusoshin aksul da aka kwance ba a mai da su, gama sun riga sun miƙe. A sa sababbi, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko, sa'an nan a riƙa duba su kafin kowane rangadi.

6. Malamin da ke riƙe da littafin mota ya rubuta kowane gyara da ranarsa. Kada ya sa hannu a takardar biyan kuɗi sai ya leƙa ƙarƙashin motar ya gani da idonsa. Haka kuma in za a sayi tsohuwar mota, a duba tsakanin sifirin gaba da aksul, domin bulo ba ya ɓoyuwa.

Direba ma a gargaɗe shi. In ya ji ƙara daga ƙafar gaba lokacin birki, ko mota tana jan gefe, ko ya ga jan ƙurar tsatsa a bakin kusoshin aksul, ya tsaya ya kai rahoto, kada ya ce sai an dawo.

Kuɗin sabon sifirin ya fi na bulo nesa, amma araha ba ta ado. Motar Hakimi ba shi kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar malamai da dogarai, wani lokaci har da majiyyacin da za a kai asibiti. Hakimai su sanar da dagatai da masu motocin haya na ƙasarsu wannan bayani. Allah ya kiyaye hanya.